Shimfiɗa Kafin Mayafi

Masu iya magana kan ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ba mu da ja a kan wannan zance, domin da shi aka rene mu, kuma da shi muke karɓar baƙo har gobe. Amma akwai wani dare guda a rayuwarmu da muka kwana a wurin da babu fuskar da za ta shimfiɗu mana sai ta dutse. A nan ne muka gane cewa tabarmar ma tana da ranarta, kuma wanda ya raina ta yana iya biya da ransa, ko da ran wanda aka ba shi amana. Labarin wannan dare, da abin da ya koya mana game da zaɓen abin kwanciya a wuri mai tsananin sanyi, shi muke so mu ba mai karatu, ko Allah ya sa wani ya tsira daga kuskuren da muka tafka.

Mu bakwai ne, dukkanmu neman ilmi ya kawo mu nan Kudu, inda zufa ce abokiyar kwanan mutum daga farkon shekara har ƙarshenta. A hutun watan Disamba na 2019 muka ƙulla niyyar hawan Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, wato dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Tsayinsa mita 2,419 ne daga doron teku, yana kan iyakarmu da Kamaru, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, wanda kuma babu gandun daji na ƙasa da ya kai shi girma a ƙasar nan. Abin da ya ja mu bai wuce ƙuruciya da son gani da ido ba, tun da an ce gani ya kori ji.

Ƙaramin cikinmu, wanda muke kira Auta, a shekararsa ta farko yake a jami'a. Siriri ne, mai yawan dariya, marar yawan ci. Gidansu yana Wukari, a kan hanyarmu, saboda haka muka yada zango can domin neman iznin mahaifinsa. Dattijon ya saurare mu har muka gama, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, 'ya'yana, ga amana nan. Yadda na ba ku shi, haka nake so ku dawo mini da shi." Muka haɗa baki muka ce, "In Allah ya yarda, Baba." A ranmu kuwa cewa muke, wane abu ne zai sami yaro a hannun yayye shida?

Alal haƙiƙa mun yi shirin sanyi, amma irin shirin da Bahaushe ya saba yi wa hunturu. Da Bahaushe ya ji jaura ta kaɗa, abin da ke faɗo masa a rai shi ne bargo da rigar sanyi da hula da safa, wato duk abin da za a lulluɓa daga sama. Haka muka yi. Muka tara barguna, muka shiga kasuwar gwanjo muka sayo manyan riguna, har biyu daga cikinmu suka sami jakar barci irin ta Turawa. Maganar abin da za mu shimfiɗa kuwa ba ta ɗauke mu minti biyar ba. Wani ya naɗo tabarmar roba, wani ya ce dardumar sallarsa ta ishe shi, wani kuma ya ce zai warware kwalin da muka zuba kayan abinci ya kwanta a kai, muka yi ta yi masa dariya. Abu guda mai daraja da muke da shi shi ne wata katifar hurawa da muka aro, irin wadda ake ajiye wa baƙi a gidajen birni, kaurinta ya kai taƙi guda, ga taushi kamar auduga. Ba mu yi musu ba wajen yanke hukunci: wannan ta Auta ce, tun da shi ne amana.

Muka bi ta Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun take, muka karɓi izni. Daga nan mota ta kama hawan Mambila, tana nishi tana kewaye duwatsu, har muka isa Nguroje, babura suka kai mu Njawai, sauran tafiya kuwa ƙafa ce. Jagoranmu wani dattijon Bafillace ne wanda ya yi kiwo a waɗannan tsaunuka tun yana yaro. Kayansa kaf ba su wuce sanda da adda da buta da wata tsohuwar fatar tunkiya a naɗe a kafaɗa ba. Da ya ga tulin bargunanmu sai ya yi murmushi, bai ce kome ba.

A daren da muke sa ran kashegari za mu kai ƙololuwa, muka kafa tantunanmu biyu a wani kwari mai ciyawa, domin mu fake wa iska. Da rana ta faɗi sai wuri ya juya kamar ba shi ne muka yi ta zufa a cikinsa da azahar ba. Sama ta yi tas, taurari kamar a miƙa hannu a tsinko, raɓa ta sauka ta jiƙa kome. Muka ci abinci, muka yi sallar isha, kowa ya shige bargonsa. Ba a jima ba muka fara jin wani abu da ba mu taɓa ji ba: saman jikinmu da ɗumi, amma gefen da ke ƙasa kamar an jingina shi da ƙarfe. In ka juya, gefen da ya huta ya fara ɗumama, ɗaya kuma ya karɓi azaba. Mai kwalin nan da muka yi wa dariya, shi kaɗai muka ji yana minshari.

Wajen ƙarfe biyu na dare karkarwar haƙoran Auta ta tashe mu. Muka ƙara masa bargo, muka ƙara wani, har suka zama huɗu, amma kamar muna zuba ruwa a rariya. Can sai maganarsa ta fara sarƙewa kamar ta mai maye, muna tambayarsa abu yana ba da amsar wani abu dabam. Daga baya karkarwar ta lafa, ya ce shi ya ji daɗi yanzu, a ƙyale shi ya yi barci. Wallahi har mun fara yin hamdala. Allah ya sa ɗayanmu hankalinsa bai kwanta ba, ya fita ya taso dattijo.

Dattijon ya shigo da tocila, ya dubi idon yaron, sannan ya zura hannu ƙarƙashinsa ya taɓa katifar. Sai ya ɗago ya dube mu ya ce, "Samari, wa ya kwantar da yaron nan a kan randa?" Muka taɓa mu ma. Katifar nan mai taushi ta yi sanyi ƙarara, daidai da randar da ta kwana a tsakar gida cikin hunturu. Bai tsaya jin amsa ba. Ya tura uku daga cikinmu da addarsa su yanko busasshiyar ciyawa daga ƙarƙashin wani dutse inda raɓa ba ta kai ba, aka tara ta ta yi tudu, ya shimfiɗa fatarsa a kai, gashin yana sama. Aka ɗauke Auta a hankali aka ɗora shi, aka cire masa rigar ciki da ta jiƙe da zufar rana, biyu daga cikinmu suka kwanta suka sa shi tsakiya, sannan aka mayar da barguna. Aka hura wuta aka dafa shayi mai sukari da yawa, da ya farfaɗo har yana iya riƙe kofi aka riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Da karkarwar ta dawo masa muka tsorata, dattijo ya ce, "A'a, ku gode Allah, jikin ne ya tashi yana faɗa." Ba wanda ya runtsa a cikinmu har asuba. Da gari ya waye, ga ƙololuwa muna hange, muka juya mata baya muka kamo hanyar gida. A kan hanya dattijon ya gaya mana maganar da har yau ba ta bar kunnenmu ba. Ya ce, "Bargo iska yake kore maka. Amma ƙasa ɓarauniya ce, kuma ba ta ƙoshi. Mu a nan sai mun gama da ƙasa muke tunanin sama."

Ba mu ɓoye wa mahaifin Auta kome ba. Bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da mun fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kun so shi, amma ba ku sani ba." Wannan magana ita ta hana mu sakat. Shekarar 2020 ta zo da cutar korona da dogon yajin aikin malaman jami'o'i, kowa yana zaune gida, sai muka mayar da zaman na neman sanin abin da ya faru da mu a daren nan. Ɗayanmu ɗalibin kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa ne, shi ya zama malaminmu.

Abu na farko da muka gane shi ne cewa ba mu yi lissafin tsawo ba. Iska tana raguwa da zafi kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a kowace mita 1,000 da mutum ya hau. Wanda ya baro bakin teku ya hau Chappal Waddi ya bar kusan digiri 16 a bayansa, tun kafin a yi maganar dare da hunturu. Bugu da ƙari, a daren da babu gajimare ƙasa tana saurin sakin zafin da ta tara da rana, iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, gangarowa take yi ta taru a kwari. Ashe kwarin da muka zaɓa don mu fake, shi ne tafkin da sanyin dutsen yake taruwa.

Abu na biyu shi ne cewa bargo ba ya ƙirƙirar zafi. Jikin mutum shi ne murhu, zafinsa digiri 37, aikin bargo kawai shi ne ya riƙe iska a tsakanin zarurrukansa ya hana ta motsi, ita kuma iskar da ba ta motsi ba ta iya ɗaukar zafi ta gudu da shi. To, da zarar ka kwanta a kan bargo ko jakar barci, nauyinka ya matse wannan iska ya fitar da ita, sai ya zama tsakaninka da ƙasa babu kome sai ƙyalle. Ƙasa kuwa, musamman mai laima, janye zafi take yi ba tsayawa, domin ruwa ya fi iska saurin ɗauke zafi kusan sau 25, kuma jikin ɗan Adam ba zai taɓa iya ɗumama dutse ba. Idan zafin cikin jiki ya sauko ƙasa da digiri 35, mutum ya shiga haɗari. Alamominsa su ne waɗanda muka gani da idonmu: karkarwa, sarƙewar harshe, ruɗewa, da jin barci. Tsayawar karkarwa ga wanda bai ɗumama ba kuwa ba sauƙi ba ne, alama ce ta cewa jiki ya fara gajiya da faɗan.

Abu na uku shi ne sirrin katifar. Mun ɗauka tun da iska ce a cikinta, kuma ga kauri, ai ta fi kome. Ashe iska ba ta tsare zafi sai an ɗaure ta. A cikin babbar katifa da babu kome sai fili, iskar yawo take yi, duk motsin mai barci yana kaɗa ta, ta ɗauki zafin bayansa ta kai wa ƙasa da gefuna, ta dawo da sanyi. Haka ta yi ta jigila da zafin jikin Auta har ƙarfe biyu na dare. Kwali kuwa, da ciyawa, da gashin tunkiya, dukkansu cike suke da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da iska ke zaune a ɗaure. Nan ne bambancin yake, ba a kauri ko taushi ba.

Da muka fahimci wannan sai kunya ta kama mu, domin ba sabon ilmi ba ne. Kakanninmu sun san shi. Shi ya sa suka gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi, shi ya sa ake ɗaga gadon kara daga ƙasa, shi ya sa malami matafiyi ba ya rabuwa da buzunsa. Ba mu kaɗai ba: mutanen Sami na arewacin Nowe da Suwidin da Finlan, masu kwana cikin dusar ƙanƙara, rassan itace suke jerawa a ƙasan tantinsu su shimfiɗa fatun dabbobin kiwonsu a kai. Mu ne da muka tashi a kan katifa da siminti muka manta.

Da aka koma makaranta muka yanke shawarar sake komawa dutsen, amma a wannan karo shimfiɗa ce farkon abin da muka sa a takarda. Bincike ya nuna mana cewa shimfiɗun da ake ƙera wa masu kwana a daji iri uku ne. Na farko tabarmar soso ce mai tauri, wadda ƙofofin sosonta a rufe suke ruf, ba ta shan ruwa, ba a hura ta, ƙaya ba ta yi mata kome. Kaurinta bai cika wuce santimita 2 ba, nauyinta wajen giram 400, aibinta shi ne tauri da cin wuri a bayan jaka. Kada mai karatu ya haɗa ta da sosan katifar gida, wanda ƙofofinsa a buɗe suke, yana shan ruwa, yana kuma lotsewa gaba ɗaya a ƙarƙashin mutum. Na biyu ita ce mai hura kanta: soso ne mai laushi a cikin riga da iska ba ta ratsawa, in ka buɗe bakinta sosan ya kumbura ya zuƙo iska, sai ka rufe. Wasu injiniyoyi ne na birnin Siyatil a Amurka, waɗanda suka yi aiki da kamfanin jiragen sama na Boeing, suka fito da ita a 1972 da sunan Therm-a-Rest. Na uku ita ce ta hurawa zalla amma mai ciki, wato an raba cikinta ɗaki-ɗaki, an sa gashin tsuntsu ko zaren roba ko wasu siraran ledoji masu ƙyalli da ke mayar wa jiki zafinsa. Ita ce ta fi ɗumi da rashin nauyi, ita ce kuma ta fi tsada da saurin hujewa.

Yaya mutum zai gwada wannan da waccan? A nan ne muka ci karo da abin da ake kira lambar R, wato ma'aunin yadda shimfiɗa take hana zafi ratsa ta. Lissafinta mai sauƙi ne: mai lamba 4 tana barin rabin zafin da mai lamba 2 take bari ya wuce. A da kowane kamfani da irin awonsa, wasu ma ba sa awon sai dai su rubuta abin da suka ga dama. A 2018 ƙungiyar tsara ma'auni ta ASTM ta fitar da hanyar gwaji guda mai lamba F3340, daga 2020 kuma manyan kamfanoni suka fara bin ta. Ana matse shimfiɗa tsakanin faranti biyu, na sama mai zafin digiri 35 kamar jikin mutum, na ƙasa mai digiri 5 kamar ƙasa mai sanyi, sai a auna wutar da ake bukata kafin na saman ya riƙe zafinsa. Bisa al'ada, mai lamba 1 zuwa 2 ta lokacin zafi ce, mai 2 zuwa 4 ta matsakaicin sanyi, daga 4 zuwa sama ta sanyin da ruwa ke kusa da daskarewa, wanda zai kwana kan dusar ƙanƙara kuwa ya nemi 5 ko fiye. Tabarmar soso mai tauri tana wajen 2, katifar hurawa marar ciki wajen 1, mafi kyawun masu ciki kuwa suna kai wa 7 ko fiye. Wani abin lura kuma shi ne, lambar sanyin da ake rubutawa a jikin jakar barci, a kan shimfiɗa mai lambar R kusan 5 ake gwada ta. Saboda haka wanda ya sayi jaka mai tsada ya shimfiɗa ta a kan tabarmar roba, alkawarin da aka rubuta a jikinta bai hau kan kowa ba.

Daga nan sai gardama ta kaure a tsakaninmu. Kashi ɗaya suka ce a haɗa kuɗi a sayo irin ta ukun nan, tun da araha ba ta ado, kuma rai ya fi kuɗi. Ɗaya kashin suka ce a tsaya tukuna. Kuɗin guda ɗaya tak, in an haɗa da na kawowa daga waje, ya kusa cinye abin da ɗalibi zai ci a zango guda, mu kuwa bakwai ne. Ban da wannan, mun ga ƙasar Mambila da idonmu: makiyaya suna ƙone ciyawa da rani, kututturenta ya tsaya tsaye kamar allurai. Shimfiɗa mai lamba 7 in ta huje tsakar dare ta koma leda, lambarta ta tafi tare da iskarta. Tabarmar soso kuwa ko an soke ta sau ɗari tana nan a 2 ɗinta. Abin da ya raba gardamar shi ne wata ƙa'ida da malaminmu na kimiyya ya tuna mana: lambar R taruwa take yi. In ka ɗora mai 2 a kan mai 2, ka sami 4. Wato talaka ma yana da hanyar kai wa inda mai kuɗi ya kai, sai dai ya ɗauki kaya mai ɗan girma a bayansa.

Muka koma kasuwar gwanjo, a wannan karo da idon sani. Masu sayarwa suka yi ta tura mana tabarmar motsa jiki, siririya mai santsi, suna rantsuwa ita ce. Muka koyi matse soso tsakanin yatsu: in ya lotse har yatsu suka haɗu, ba shi ba ne, in ka ɗiga masa ruwa ya tsotse, ba shi ba ne. Muka yi mako uku kafin mu tara tabarmi goma sha uku na ƙwarai. Muka kuma yi sa'ar samun mai hura kanta guda biyu. Ɗaya da muka hura ta sai wani ƙulu ya taso a tsakiyarta, alamar rigar ta rabu da sosan, muka mayar. Ɗayar muka hura ta, muka shafa mata ruwan sabulu a baki da gefuna ba mu ga kumfa ba, muka ɗora mata buhun shinkafa ta kwana, da safe tana nan yadda take. Mun kuma lura da girma, domin yawancinsu tsawonsu santimita 183 ne, faɗinsu 51, wanda kuwa kafaɗarsa ko gwiwarsa ta zame ta taɓa ƙasa, ta nan ɓarauniya za ta shiga. Dogon cikinmu sai muka shirya zai ɗora ƙafafunsa a kan jakarsa.

Da yake kayan gwanjo ba su zo da takarda ba, kuma mun ga masu talla a intanet suna rubuta lambobin da hankali ba zai ɗauka ba ba tare da ambaton gwajin da aka bi ba, sai muka yi namu gwajin na talakawa. Muka sayo manyan ƙanƙara wurin mai sayar da lemo, muka jera a barandar ɗakin kwananmu, muka ɗora kowace shimfiɗa a kai, muka sa kwalbar ruwan ɗumi a samanta muka rufe da bargo. Ɗalibai suka taru suna kallonmu kamar mahaukata. Kwalbar da ke kan tabarmar roba ita ta fara hucewa, ta kan tabarmar motsa jiki ta bi ta, ta kan soso biyu kuwa muka same ta da ɗuminta bayan sauran sun yi sanyi. Ba gwajin masana ba ne, amma ya kwantar mana da hankali.

A watan Disamba na 2021 muka sake tsayawa a Wukari. Gabanmu yana faɗuwa, domin ba mu ga dalilin da zai sa uba ya ba da ɗansa sau biyu ga mutanen da suka kusa salwantar da shi ba. Dattijon bai tambaye mu barguna nawa muka kawo ba. Cewa ya yi, "A kan me zai kwanta?" Muka warware kayan a zaure, muka yi masa bayani dalla-dalla, ya taɓa, ya matsa, ya ɗaga ya ji nauyi. Sannan ya shiga cikin gida ya fito da wani agalemi da ya sha jiki, ya ce na mahaifinsa ne, da shi ya yi yawon neman karatu. Ya miƙa wa Auta ya ce, "Ɗora wannan a kan na Turawan. Allah ya kiyaye hanya."

Muka tarar da jagoranmu yana nan, furfura ta ƙaru. A wannan karo ba mu kafa tanti a kwari ba, sai a wani ɗan tudu busasshe da dutse ya kare wa iska. Muka share wurin da hannu, muka cire duk wani tsinke. Muka fara shimfiɗa leda, wadda laima kawai take hanawa ba sanyi ba, sannan soso biyu ga kowa, mai ƙyalli a gefe guda ya juya ƙyallin sama. Auta kuwa soso a ƙasa don ya tare ƙaya, mai hura kanta a kai, agalemin kakansa a can sama. Mun hura ta tun da sauran rana, da za a kwanta muka ƙara mata iska kaɗan, domin iska tsukewa take yi in ta yi sanyi. Kowa ya canza rigar da ya yi tafiya da ita, ya ci ya ƙoshi, ya sa hula. Dattijo ya zagaya yana duba shimfiɗar kowa da tafin hannu, da ya zo kan ta Auta ya shafa gashin agalemin ya ce, "Yau kam an rufe wa ɓarauniya ƙofa."

Sanyin daren bai gaza na wancan ba, kuma barguna ma ba mu kawo rabin na da ba. Duk da haka babu wanda ya yi juyin nan na kifi a kasko. Mu shida dai ba mu yi barcin kirki ba, amma ba sanyi ne ya hana mu ba: kowa farkawa yake yi ya miƙa hannu ya taɓa goshin Auta, ya saurari numfashinsa. Shi kuwa gogan bai san ana yi ba. Da asuba sai da muka girgiza shi sau uku kafin ya tashi, yana mitar an katse masa mafarki. Hantsi bai gama ɗagawa ba muna tsaye a ƙololuwar Chappal Waddi, tsaunukan Kamaru a gabanmu, na Nijeriya a bayanmu, Auta yana riƙe da naɗaɗɗen agalemi a hammata.

To, mai karatu, in Allah ya nufe ka da kwana a tsauni ko a wani wuri mai tsananin sanyi, fara da tambayar da dattijon Wukari ya yi mana: a kan me za a kwanta? Nemi sanin iyakar sanyin wurin da dare, ba da rana ba. Dubi lambar R da gwajin da aka bi aka same ta, kada kauri da taushi su ruɗe ka. In aljihunka bai kai ba, tara soso biyu. In ka sayi ta hurawa, kada ka tafi ba soso a ƙarƙashinta da abin faci a jakarka. Wanda ya fi rauni a cikinku kuwa, siriri ko yaro ko marar lafiya, a ba shi mafi ɗumi, ba mafi taushi ba. Mu da muka ba Auta katifar nan da zuciya ɗaya muka ba shi, amma ƙasar dutse ba ta duba niyya ba. Allah ya sa mu riƙa haɗa ƙauna da sani, ya kuma saka wa dattawan nan biyu da alheri, amin.